Inshorar lafiya a Najeriya: me ya sa mai kati yake sayen magani a waje?

Ma'aikacin da ake yankar masa kuɗin taimakekeniyar lafiya a albashinsa duk wata ya kai ɗansa asibiti. Likita ya duba yaro, ya rubuta magani huɗu. A tagar ɗakin magani sai a miƙo masa farasitamol da maganin ƙarin jini, a ja layi ƙarƙashin sauran biyun, a ce masa: "Waɗannan babu, sai dai ka duba waje." Biyun da babu ɗin kuwa su ne masu tsada, su ne kuma ainihin maganin cutar.

Yawancin mutane a nan suke yanke hukunci cewa ma'aikatan asibiti ne suke wulaƙanta masu katin inshora. Ana samun masu wannan hali, ba a musu. Amma ko da za a cika asibitin da mutanen kirki zalla, "babu" ɗin nan ba za ta gushe ba, domin tushenta lissafi ne. Kuɗin da ke isa asibiti a kan kowane mai kati bai kai kuɗin maganin da mai katin yake buƙata ba, kuma sau da yawa ba ya isa a kan lokaci. Wanda yake son ya gane lamarin sai ya bi sawun kuɗin tun daga inda ya fito har zuwa tagar ɗakin magani.

Tukunyar da ta yi ƙanƙanta

Inshora ta bambanta da adashi ta fuska ɗaya mai muhimmanci. A adashi kowa zai kwashi abin da ya zuba idan zagayensa ya zo. A inshora kuwa mafi yawan masu zubi ba za su ɗauki komai ba a wannan shekarar, kuma da kuɗinsu ne ake yi wa 'yan kaɗan da ciwo ya kayar magani. Saboda haka tsarin ba ya tsayuwa sai mutane sun yi yawa, kuma sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa nesa ba kusa ba.

Dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta fito a 1999, amma aiki bai kankama ba sai 2005, zamanin Obasanjo. An fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya: ma'aikaci, da abokin aurensa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A rubuce, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. A aikace an shafe shekaru ba a cire kason ma'aikatan tarayya ba saboda ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi amincewa. Wato tun ranar farko tukunyar ta tashi da giɓi. Ga kuma ƙa'idar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wadda a Arewa take barin rabin gida a waje, sai maigida ya biya ƙarin kuɗi a kan kowane kai.

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta sauya sunan hukumar zuwa NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, waɗanda aka ƙiyasta a lokacin sun kai miliyan 83. Dokar ta yi kyau. Sai dai wajabtawa a takarda ba ta tara kuɗi. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu neman abinci a ƙasar nan ba su da albashin da za a yanka: manoma ne, da 'yan kasuwa, da masu Adaidaita Sahu, da masu sana'ar hannu. Alƙaluman da hukumar kanta take bayarwa sun nuna masu rajista suna wajen miliyan 20, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Shi ya sa har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fita kai tsaye, wanda yana cikin mafi muni a duniya.

Idan aka bar shiga a matsayin ganin dama, su wa suke zuwa rajista? Mace mai ciki wata shida, da dattijo mai ciwon suga, da wanda likita ya riga ya ce sai an yi masa tiyata. Ba laifinsu ba ne, kowa haka zai yi. Amma asusun da ya cika da masu buƙata yanzu-yanzu ba zai ɗore ba. Dalilin ke nan da ya sa ake sanya lokacin jira tsakanin biyan kuɗi da fara amfani da kati, kuma ake fifita rajistar iyali ko ƙungiya a kan ta mutum ɗaya.

Yadda ake biyan asibiti, inda gizo ke saƙar

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce kuɗin kowane kai, wanda ma'aikatan asibiti suke kira kafiteshan. Duk mai kati yana zaɓar asibiti guda a matsayin na farko. Ana biyan asibitin wani adadi tsayayye a kan kowane mutum duk wata, ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗin asibitin zai ga majinyaci, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da hawan jini marar rikici, ya yi awon ciki da karɓar haihuwa. Mai kati a tsarin ma'aikata yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai.

Ta biyu ita ce biya bisa aikin da aka yi. Wannan ta shafi manyan ayyuka kamar tiyata, da ganin likita ƙwararre, da manyan hotuna. Asibiti zai nemi lambar izini daga kamfanin HMO, wato dillalin da ke tsakanin hukuma da asibiti, ya yi aikin, sannan ya tura takardar neman biya bisa farashin da hukuma ta ƙayyade.

To ga lambar da ta bayyana kusan komai. Daga 2012 kuɗin kowane kai naira 750 ne a wata, kuma haka ya tsaya cik fiye da shekara goma. A 2012 dala tana wajen naira 157, wato naira 750 ta kusa dala biyar. A farkon 2024, bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500, kuɗin nan ya koma rabin dala. An yi ƙarin kashi 60 cikin ɗari a tsakiyar 2024, aka sake ƙari a 2025 ya kai wajen naira 1,450. A baki an kusa ninka shi. A ma'aunin dala na 2025 kuwa bai cika ɗaya ba, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙimarsa ta 2012.

Me ya kawo dala cikin maganar? Ai magani da dala ake sayo shi. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje suke zuwa, galibi Indiya da Sin. Waɗanda ake haɗawa a Legas, da Ogun, da Kano ma, sinadarin da ke yin aikin a cikin ƙwayar kusan duk shigo da shi ake yi. Robar allura, da safar hannu, da ruwan gwajin jini, duk haka.

A ɗauki misali don a ga yadda abin yake a teburin akanta. Asibiti mai mutum 2,000 a rajista yana karɓar naira miliyan ɗaya da rabi a wata a tsohon farashi. A ce mutum ɗaya cikin goma ne ya zo a watan, mutum 200 ke nan, kowanne yana da naira 7,500 da za a kashe masa: kati, da likita, da gwaji, da magani, da man janareta. Ana iya lallaɓawa idan duk zazzaɓi ne. Amma a cikin mutum 200 ɗin akwai masu hawan jini da suke shan ƙwaya iri biyu ko uku kullum, akwai masu ciwon suga, akwai masu asma. Su ba sau ɗaya suke zuwa su warke ba, duk wata suna nan. Ƙaramin asibiti mai mutum 200 a rajista kuwa naira 150,000 yake samu gaba ɗaya, masu ciwon suga kaɗan sun isa su cinye ta. Kuɗin kowane kai ba ya aiki sai da yawan kawuna, amma a garuruwanmu masu kati sun taru a manyan asibitocin koyarwa, inda layi ya fi tsawo, an bar ƙananan da 'yan tsiraru.

Asibitin da lissafi ya ƙi fitar masa yana da mafita uku, kuma duk ukun a kan majinyaci suke ƙarewa. Ko ya ce babu magani. Ko ya ba da mafi arha ko da bai dace ba. Ko kuma ya tura mutum gaba zuwa mataki na biyu, inda ake biya bisa aiki, alhali ciwon bai kai can ba. Shi kuma HMO, da ya ga takardun neman biya sun yi yawa, sai ya riƙe lambar izini, ko ya zaftare kuɗin, ko ya ja watanni bai biya ba. Majinyaci yana kwance ana jiran lamba. Wannan ƙorafi ya daɗe: a 2017 shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Usman Yusuf, ya fito fili a gaban Majalisar Wakilai ya zargi kamfanonin da riƙe kuɗin asibitoci. A 2025 NHIA ta ba da umarnin cewa a fitar da lambar izini cikin awa ɗaya. Umarnin ya dace, amma ƙarfinsa yana ga hukuncin da za a yi wa wanda ya saɓa.

Jinkirin biya yana da wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Yawancin asibitocin gwamnati suna sayen magani ne ta asusun jujjuya kuɗin magani, tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987: a sayo, a sayar da 'yar riba kaɗan, a mayar da kuɗin a sake sayowa. Idan aka ba masu kati magani a watan Janairu, kuɗin bai dawo ba sai Yuni, kuma a tsakani farashi ya tashi, abin da zai dawo ba zai sayi kwalin da aka fitar ba. Jari yana narkewa a hankali. Mai kula da ɗakin magani da ya ga haka zai ɓoye maganin mai tsada ya ajiye wa mai biya nan take, don kada asusun ya mutu a hannunsa.

Kasuwar maganin kanta

A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya sanar da cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya ya koma sayarwa ta hannun dillalai. Sanofi ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Farashin wasu magungunan ya ninka sau da dama cikin 'yan watanni. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire harajin kwastan da na VAT a kan sinadarai da injinan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Matakin yana da amfani, sai dai haraji ɗan yanki ne na kuɗin. Canjin dala, da wutar lantarki, da dizal, da ruwan bashin banki suna nan yadda suke.

Abin da ya fi saurin sauke farashi shi ne saye a dunƙule. Asibiti ɗaya da ke sayen kwali ashirin ba shi da bakin ciniki. Hukumar jiha da ke saya wa asibitoci ɗari tana da shi, kuma tana iya saye kai tsaye daga masana'anta, ta tsallake dillalai biyu ko uku. Kano da Kaduna da wasu jihohi suna da hukumomin samar da magunguna da aka kafa don haka. Sai kuma rubuta magani da sunan sinadarinsa maimakon sunan kamfani. Amoksisilin da kilabulanik asid shi ne Augmentin, kuma akwai masu rajistar NAFDAC da suka fi shi arha sosai. Cikas ɗin shi ne likita da majinyaci duk suna tsoron jabu, kuma tsoron yana da dalili. Shi ya sa mayar da dillalan magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, duk da rigimar da ya haifar, yana da alaƙa da farashi: sai an yarda da ingancin mai arha kafin a daina neman mai tsada.

Talakan da ba shi da albashi fa?

Nasa tanadin yana cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun samar da kiwon lafiya na asali, BHCPF, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Bai shiga kasafi ba sai 2018, da naira biliyan 55. Kusan rabi yana bi ta NHIA zuwa hukumomin jihohi don yi wa marasa galihu rajista, kashi 45 yana bi ta hukumar lafiya matakin farko zuwa asibitocin sha-ka-tafi, kashi 5 na agajin gaggawa ne. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai asusun banki na kansa, kwamitin unguwa yana sa ido.

Tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibiti dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta tsallake teburori da yawa. Adadin ne ya yi kaɗan. Shekaru da dama kowane asibiti naira 300,750 yake samu duk wata uku. Idan aka raba, bai wuce naira 3,300 a rana ba, na gyaran rufi, da ruwa, da wuta, da magani, da ɗan alawus na ungozoma. Ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ɗaga adadin, tana kuma ƙoƙarin ninka yawan asibitocin. Amma kashi 1 cikin ɗari ba zai ɗauki mutum miliyan 83 ba. A lissafa a kan naira 12,000 a shekara, kuɗin rajistar da aka yi amfani da shi a tsarin: ya kusa naira tiriliyan ɗaya. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi a 2001, amma kason lafiya a kasafin tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6.

Akwai masu cewa a bar talaka ya biya ko da kaɗan ne don ya san darajar abin. Bincike bai goyi bayansu ba. Babban gwajin da cibiyar RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya nuna cewa idan aka sa mutane biyan wani kaso, suna rage zuwa asibiti, amma ba sa bambance zuwan da ya zama dole da wanda bai zama ba, kuma talakawa masu hawan jini su suka fi cutuwa. A Kenya, binciken Jessica Cohen da Pascaline Dupas ya gano cewa ɗan kuɗi kaɗan da aka sanya wa gidan sauro ya rage masu karɓa ƙwarai, kuma waɗanda suka biya ba su fi waɗanda aka ba kyauta amfani da shi ba. A gida kuma, shirin inshorar karkara da aka fara a Kwara a 2007 ya ƙara haihuwa a asibiti, ya kuma sauke hawan jinin masu fama da shi. Sirrinsa shi ne tallafi ne ya ɗauki mafi yawan kuɗin rajista, kuma an gyara asibitocin kafin a kira mutane.

Maƙwabta sun gwada hanya biyu da ya kamata a duba. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora shi a kan harajin kashi 2.5 cikin ɗari na kayan saye da sayarwa, wato kowa yana zubi ko ba shi da albashi. Shi ya sa kason 'yan ƙasar da ke da kati ya ninka namu sau da yawa, duk da su ma asibitocinsu suna kukan jinkirin biya. Nijar kuwa ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. Iyaye mata sun yi tururuwa, yara da yawa sun tsira. Amma gwamnati ta kasa mayar wa asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, bashi ya taru, ɗakunan magani suka bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je kemis. Duk gwamnan da zai hau mumbari ya yi shelar magani kyauta, ya kamata a tambaye shi layin kasafin da za a biya daga ciki, da kwana nawa asibiti zai jira kuɗinsa.

Abin da zai sauya lamarin

A ganina gyara uku ne suka fi gaggawa, kuma na farko ya fi sauran nauyi. Kuɗin kowane kai bai kamata ya zama abin da ake zama a yi ta ja-in-ja a kansa bayan shekara goma ba. A ɗaure shi da farashin wasu zaɓaɓɓun magunguna da kayan aiki, a sake lissafa shi duk shekara. A kuma cire magungunan cututtuka masu daɗewa, irin su suga da hawan jini da asma da sikila, daga cikinsa, a biya su daban ko hukuma ta sayo su a dunƙule ta raba. Muddin mai ciwon suga asara ne ga asibitin da ya yi masa rajista, ba zai ga sakin fuska ba.

Na biyu, a sanya wa biyan asibitoci wa'adi mai tara, a riƙa wallafa sunan duk HMO ko hukumar jiha da ta wuce shi, da adadin bashin. Na uku, a samo wa asusun marasa galihu kuɗin shiga na dindindin. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da aka sanya a dokar kuɗi ta 2021 yana shiga babban asusun gwamnati ne, ba a keɓe shi ga lafiya ba, alhali nan ya fi dacewa da shi. A jihohin Arewa akwai kuma zakka da waƙafi: mai hali ko kwamitin masallaci zai iya biya wa marayu da zawarawa ɗari kuɗin rajistar shekara a hukumar taimakekeniya ta jiha, maimakon jiran sai ciwo ya yi tsanani a zagaya da takardar neman taimako bayan sallar Juma'a.

Shi kuma mai kati, akwai abin da ke hannunsa. Idan an ce babu, ya tambaya ko maganin yana cikin jerin magungunan da hukuma ta amince da su. In yana ciki, nauyin samar da shi a kan asibiti yake, don haka ya nemi a rubuta a takardar cewa babu, a sa hannu da kwanan wata da hatimi, ya riƙe rasit ɗin kemis. Ya kai ƙorafi ga jami'in inshora na asibitin, sannan ga HMO ɗinsa, in ba a yi komai ba ya wuce ofishin NHIA na jiharsa ko hukumar taimakekeniya. Ya tambayi likita ko akwai irin maganin da sunan sinadari. Idan kuma abin ya zama kullum, ƙa'ida ta ba shi damar sauya asibiti, kuma kuɗin kansa da na iyalinsa na kowane wata zai bi shi zuwa sabon.